Adadin 33,550,336: Siffofinsa da Rukunoninsa da Matsalar Sunayensu a Hausa

1.0 Gabatarwa

Manazarta ƙidayar Hausa sun fi mayar da hankali ga asalin kalmomi, wato wace kalma ce ta gado kamar goma da ɗari da dubu, wace ce kuma aka aro daga Larabci kamar ashirin da metan da alfin. Ba kasafai ake ɗaukar adadi guda a bi diddigin halayensa da Hausa ba, alhali kuwa a wurin irin wannan aiki ne ake gane ko kalmomin da muke da su za su iya ɗaukar kayan da ake son ɗora musu. Wannan maƙala ta ɗauki adadi ɗaya, 33,550,336, domin ta bayyana siffofinsa da rukunonin da masana lissafi suka sanya shi a ciki, tare da nuna wuraren da mai bayani da Hausa yakan yi tuntuɓe. An zaɓi wannan adadi ne saboda shi ne na biyar a jerin adadan da Girkawa da Larabawa suka kira kammalallu, kuma gano shi ne ya rushe wasu zace-zace da aka daɗe ana riƙe da su.

A nan adadi na nufin yawan abu, alƙalami kuwa alamar da ake rubuta yawan da ita, daga 0 zuwa 9. Ke nan 33,550,336 adadi ne guda mai alƙaluma takwas. Kalmar lamba, wadda ta mamaye bakin jama'a, tana ɗaukar ma'anonin biyu har da ƙari, don haka aka kauce mata.

2.0 Furta Adadin

Kafin a taɓa lissafi, furta adadin kansa yana da tarko. Yawancin masu magana za su ce:

(1) miliyan talatin da uku da dubu ɗari biyar da hamsin da ɗari uku da talatin da shida

Matsalar tana cikin yankin "dubu ɗari biyar da hamsin". Idan aka cire shi shi kaɗai, yana iya nufin 550,000, yana kuma iya nufin 500,050, domin harafin da ba ya nuna ko hamsin ɗin tana ƙarƙashin dubu ne ko kuwa tana zaman kanta. A misali na (1) abin da ya biyo baya ne yake warware harshen damon, tun da ɗaruruwa ba sa zuwa bayan gomomi a gida ɗaya, amma sai mai sauraro ya jira ƙarshen magana kafin ya tabbata. 'Yan kasuwa sun daɗe da maganin wannan, shi ne maimaita dubu:

(2) miliyan talatin da uku da dubu ɗari biyar da dubu hamsin da ɗari uku da talatin da shida

Sigar (2) ce ta fi dacewa da rubutun ilimi, ko da yake ta fi tsawo.

Domin a ji nauyin adadin, wanda zai ƙirga ɗaya a kowace daƙiƙa, dare da rana ba hutawa, zai shafe kwana 388 da 'yan sa'o'i kafin ya kai gare shi. A zamanin kuɗin wuri, lokacin da keso ɗaya yake ɗaukar wuri 20,000, daidai da ọkẹ na Yarbawa, wannan adadi zai cika keso 1,677 a bar ragowar wuri 10,336.

3.0 Tubalan da Suka Gina Shi

Rabe-raben farko shi ne na adadin da yake rabuwa biyu daidai da wanda ba ya rabuwa. Hausa tana da cika da mara a kan wannan. Sai dai a rubutun yau da kullum, wanda ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, wanda ya ga "adadi mara" zai zaci akwai kalmar da ta faɗi, kamar a "mara amfani". Saboda haka a wannan maƙala an yi amfani da shafa'i da wutiri, waɗanda ba baƙi ba ne ga kunnen Bahaushe, kuma ma'anarsu ta asali a Larabci ita ce wannan. Adadinmu shafa'i ne. Idan aka raba shi biyu za a sami 16,775,168, wanda shi ma shafa'i ne, haka za a yi ta rabawa har sau goma sha biyu kafin a ci karo da wutiri, wato 8,191. Ninka 2 da kanta sau goma sha biyu yana ba da 4,096, ke nan:

(3) 33,550,336 = 4,096 × 8,191

Shi kuwa 8,191 babu adadin da yake raba shi ba ragowa sai 1 da shi kansa. Irin wannan adadi Larabawa suna kiransa awwal, wato na farko. Mu a nan mun kira shi tubali, domin kowane adadi da ya wuce 1, in dai shi kansa ba tubali ba ne, da tubala aka gina shi ta hanyar ninkawa, kuma ta hanya ɗaya tak. Adadai irin su 2 da 3 da 5 da 7 da 11 da 13 duk tubala ne, 12 kuwa ginanne ne daga 2 × 2 × 3.

Yaya aka san 8,191 tubali ne? Da a ce ginanne ne, da ɗaya daga cikin tubalansa bai wuce 90 ba, saboda 91 × 91 ya zarce shi. Tubalan da suke ƙasa da 91 guda 24 ne, kuma mutum yana iya gwada su ɗaya bayan ɗaya da alƙalami da takarda a zama guda. Akwai ma gajeriyar hanya da ta samo asali daga aikin Fermat na Faransa a 1640. Shi 8,191 ninkin 2 ne sau goma sha uku, wato 8,192, aka ɗebe ɗaya. Duk tubalin da zai raba irin wannan adadi dole ne ya zama riɓin 26 da ɗoriyar ɗaya. A ƙasa da 91 waɗanda suka cika wannan sharaɗi su ne 27 da 53 da 79, kuma 27 ba tubali ba ne. Idan aka raba 8,191 da 53 ragowa 29 ce, idan aka raba da 79 ragowa 54 ce. Gwaji biyu sun wadatar.

Tubalan da suke da wannan siffa ta ninkin 2 da aka ɗebe wa ɗaya ana jingina su ga Marin Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe da ya yi rubutu a kansu a 1644. Abin sha'awa a nan shi ne Hausa tana da ginin da ya dace da su tun asali, wato ƙidayar ɗebewa irin ta "ashirin ba ɗaya". Ana iya cewa 3 huɗu ne ba ɗaya, 7 takwas ne ba ɗaya, 31 talatin da biyu ne ba ɗaya. Ɗalibin da ya ji an kira su tubalan ninki-ba-ɗaya ya riga ya fahimci rabin bayanin.

4.0 Kammala

4.1 Ma'anarta

Sassan adadi su ne adadan da suke raba shi ba ragowa, ban da shi kansa. Sassan 10 su ne 1 da 2 da 5, jimlarsu 8, ba ta kai 10 ba. Sassan 12 su ne 1 da 2 da 3 da 4 da 6, jimlarsu 16, ta zarce 12. Sassan 6 kuwa su ne 1 da 2 da 3, jimlarsu 6 cif. A kan wannan ne magabata suka kasa adadai gida uku, waɗanda Larabawa suka kira naƙis da za'id da tamm. Na farko Hausa ta riga ta mallaki saiwarsa a kalmar naƙasa, don haka naƙasasshen adadi ya zauna daram. Na biyu ana iya ce masa adadi mai rara.

Na ukun ne yake buƙatar taka-tsantsan. Abin da zai fara zuwa bakin mai fassara shi ne cikakken adadi, amma wannan zaɓi yana da illa biyu. Ta farko, cika ta riga ta zama sunan shafa'i. Ta biyu, ana amfani da cikakke wajen bambance adadin da ba shi da ɓari da wanda yake da shi, kamar 3 da uku da rabi. Idan kalma ɗaya ta ɗauki ma'anoni uku a fage ɗaya, jumla irin "kowane cikakken adadi da aka sani cika ne" za ta zama tamkar zaurance, alhali kuwa magana ce mai ma'ana babba, kamar yadda za a gani. Shi ya sa muka zaɓi kammalallen adadi.

Wanda ya san rabon gado zai ga kammalar 6 ta wata fuska: rabi da sulusi da sudusi idan suka haɗu sun cinye dukiya daidai, ba saura ba gibi. Haka 28, kammalalle na biyu: rabinsa 14, rubu'insa 7, subu'insa 4, sai 2 da 1, jimla 28. Na uku shi ne 496, na huɗu 8,128. Waɗannan huɗu su ne iyakar abin da Girkawa suka sani.

4.2 Tabbatar da Kammalar 33,550,336

Duk da girmansa, sassan wannan adadi guda 25 ne kacal, kuma sun kasu sahu biyu. Sahun farko shi ne jerin ninki daga 1:

(4) 1, 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256, 512, 1,024, 2,048, 4,096

Jerin ninki yana da wata ɗabi'a, ita ce jimlarsa a kullum takan gaza adadi na gaba da ɗaya: 1 da 2 da 4 sun zama 7, wato takwas ba ɗaya. Don haka jimlar sahu na (4) ita ce 8,192 ba ɗaya, wato 8,191. Sahu na biyu shi ne jerin ninki daga 8,191:

(5) 8,191, 16,382, 32,764, 65,528, 131,056, 262,112, 524,224, 1,048,448, 2,096,896, 4,193,792, 8,387,584, 16,775,168

Wannan sahu 8,191 ne sau 1, sau 2, sau 4, har zuwa sau 2,048, wato gaba ɗaya sau 4,095, wanda ya ba da 33,542,145. Abin da ya rage a kai ga sau 4,096 shi ne 8,191 guda ɗaya, kuma shi ne daidai abin da sahun farko ya kawo. Idan aka tara 33,542,145 da 8,191 za a sami 33,550,336.

Duk hujjar ta rataya ne a kan kasancewar 8,191 tubali, domin da yana da wasu sassa da sun haifar da ƙarin sahu, jimla ta zarce. Wannan shi ne abin da Yuklid, wanda Larabawa suke kira Uƙlidis, ya tabbatar a ƙarshen littafi na tara na babban aikinsa, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa: a yi ta tara jerin ninki, duk inda jimla ta zama tubali, a ninka ta da adadin ƙarshe na jerin, abin da ya fito kammalalle ne.

4.3 Dalilin Jinkirin Gano Shi

Idan ƙa'idar tana hannu tun zamanin Yuklid, me ya sa na biyar ya ɗauki fiye da shekara dubu? Jimlolin da suka ba da huɗun farko su ne 3 da 7 da 31 da 127. Bayan 127 sai aka shiga fako. Jimla ta gaba, 255, tana rabuwa da 3 da 5. 511 ita ce 7 × 73. 1,023 tana rabuwa da 3. Sai 2,047, wadda take kama da tubali ƙwarai, ta kuma yaudari marubuta da dama, alhali ita ce 23 × 89, kamar yadda Hudalrichus Regius ya nuna a 1536. Wanda ya ɗauke ta tubali zai ce 1,024 × 2,047, wato 2,096,128, shi ne kammalalle na biyar. Amma jimlar sassan wannan adadi 2,325,392 ce, ke nan mai rara ne. Bayan 4,095, wadda take rabuwa da 3, sai a iso 8,191.

Akwai kuma nauyin maganar magabata. Nikomakus, mutumin garin Jarash da yake ƙasar Jodan ta yau, ya rubuta littafinsa na gabatar da ilimin adadi wajen shekara ta 100 Miladiyya, littafin da Sabit ibn Ƙurra, wanda ya rasu a Bagadaza a 901, ya mayar Larabci. Nikomakus ya lura cewa akwai kammalalle ɗaya a gidan ɗaiɗai, ɗaya a gidan gomomi, ɗaya a ɗaruruwa, ɗaya a dubbai, kuma ƙarshensu yana karɓa-karɓa tsakanin 6 da 8. Waɗanda suka biyo shi sai suka ɗauki wannan a matsayin doka, suka sa ran na biyar zai zo da alƙaluma biyar. Sai ga shi ya zo da takwas: babu kammalalle ko ɗaya mai alƙaluma biyar ko shida ko bakwai. Zancen karɓa-karɓa ya tsira a kan na biyar, tun da ya ƙare da 6 bayan 8,128, amma na shida, 8,589,869,056, shi ma da 6 ya ƙare, sai wannan zato ma ya faɗi. Misalai huɗu ne aka gina doka a kansu, kuma wannan kuskure ne da mu masu nazarin harshe ba za mu yi wa dariya ba.

A ƙarni na 13 Isma'il ibn Fallus ya ambaci 33,550,336 tare da na shida da na bakwai, wato 137,438,691,328, ko da yake jerin nasa ya haɗa da wasu adadan da daga baya aka gane ba kammalallu ba ne. A Turai kuwa adadin ya fara bayyana ne a wani rubutun hannu na tsakanin 1456 da 1461 wanda ba a san marubucinsa ba. Pietro Cataldi na Italiya ya tabbatar da na shida da na bakwai a 1588.

5.0 Sauran Rukunoninsa

Idan aka jera tsakuwa ɗaya a sama, biyu a ƙarƙashinta, uku a ƙarƙashin waɗannan, ana samun siffar alwatika, kuma yawan tsakuwoyin shi ake kira adadin alwatika. Sahu uku suna ba da 6, sahu bakwai suna ba da 28. Adadinmu shi ne abin da sahu 8,191 suke bayarwa, wato jimlar dukkan adadai daga 1 zuwa 8,191. Dalilin a sarari yake: irin wannan jimla ita ce rabin 8,191 × 8,192, rabin 8,192 kuwa shi ne 4,096, sai muka koma kan misali na (3). Haka kuma shi ne na 4,096 a jerin adadan da ake iya jerawa a siffa mai kusurwa shida.

Siffar da ta fi ba da mamaki ta shafi adadan wutiri. A ɗauki kowane wutiri a ninka shi da kansa, a sake ninkawa da shi: 1 ya ba da 1, 3 ya ba da 27, 5 ya ba da 125, 7 ya ba da 343. Biyun farko sun tara 28, huɗun farko sun tara 496, takwas ɗin farko sun tara 8,128. Guda 64 na farko, daga 1 zuwa 127 wanda shi kaɗai ya ba da 2,048,383, su ne suke tara 33,550,336.

Waɗannan siffofi duka na adadin ne shi kansa, ko da wane harshe aka furta shi, ko da wane tsari aka rubuta shi. Akwai kuma waɗanda suka dogara ga tsarin goma-goma da muke rubutu da shi, kuma wajibi ne a bambance su, kamar yadda ake bambance abin da yake na harshe da abin da yake na ƙa'idar rubutu. Ƙarewa da 6 yana daga cikinsu: an tabbatar kowane kammalallen shafa'i yana ƙarewa da 6 ko 28 a wannan tsari. Haka nan idan aka tara alƙaluman adadinmu, 3 da 3 da 5 da 5 da 0 da 3 da 3 da 6, za a sami 28, a tara 2 da 8 a sami 10, a tara 1 da 0 a sami 1. Saukowa kan 1 doka ce da ta hau kan dukkan kammalallun shafa'i ban da 6, ma'anarta kuwa ita ce idan aka raba su da 9 ragowa 1 ce. Amma faɗowar jimlar farko a kan 28, wanda shi ma kammalalle ne, dace ne kawai, domin alƙaluman 496 da na 8,128 duk 19 suke tarawa.

A tsarin biyu-biyu, wanda kwamfuta take aiki da shi da 0 da 1 kaɗai, ginin adadin yakan fito fili. Ana rubuta 6 da 110, ana rubuta 28 da 11100, adadinmu kuwa ɗaya guda goma sha uku ne a jere, sifili goma sha biyu suna biye:

(6) 1111111111111000000000000

Ɗaya-ɗayan su ne 8,191, sifilan kuma su ne ninkawa da 2 sau goma sha biyu.

6.0 Abin da Ya Rage a Buɗe

Yuklid ya nuna cewa hanyarsa tana haifar da kammalallu, amma bai nuna ita ce hanya kaɗai ba. Leonhard Euler ne, a ƙarni na 18, ya tabbatar cewa kowane kammalallen shafa'i ta wannan hanya yake fitowa, aikin da ba a buga ba sai 1849, shekaru da yawa bayan rasuwarsa. Wannan shi ya ba mu ikon cewa babu wani kammalallen shafa'i tsakanin 8,128 da 33,550,336 ba tare da mun gwada miliyoyin adadan da suke tsakaninsu ba. Neman kammalallun shafa'i ya koma neman tubalan ninki-ba-ɗaya ke nan. Zuwa ƙarshen 2024 an san guda 52. Mafi girma a cikinsu, wanda aka gano a watan Oktoba na shekarar ta hanyar haɗin gwiwar kwamfutoci, shi ne ninkin 2 sau 136,279,841 ba ɗaya, kuma yana da alƙaluma 41,024,320. Ko irin waɗannan tubala suna da iyaka ko ba su da ita, ba a tabbatar ba.

Hujjar Euler ba ta taɓa wutiri ba. Ba a taɓa ganin kammalallen wutiri ba, ba a kuma tabbatar babu shi ba. Abin da Ochem da Rao suka nuna a 2012 shi ne, idan ma akwai shi, to ya zarce adadin da ake rubutawa da 1 da sifili 1,500 a bayansa. Wannan sakamako ya isa ya tabbatar da matsayin 33,550,336 a matsayin na biyar a kan dukkan adadai, shafa'insu da wutirinsu.